Kasafin Guzuri da Shirin Tafiya Zuwa Tsibirin Madagaska

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma fataken da suka bi hanyar Gwanja domin sayo goro sun san cewa mabuɗin nan ba ya aiki sai da shiri. Kafin ayari ya ɗaga, sai madugu ya ƙididdige zango nawa ke tsakaninsa da inda ya nufa, da kogunan da za a biya kuɗin fito, da watan da damina za ta toshe hanya. Jirgin sama ya rage nisa a yau, amma bai kawar da waɗannan tambayoyi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda mai niyyar ziyartar gandayen namun daji na tsibirin Madagaska zai tsara tafiyarsa, ya kuma yi kasafin kuɗinsa. An zaɓi wannan tsibiri ne saboda yana cikin ƙasashen Afirka, yana da halittun da babu irinsu a wani wuri, kuma yana daga cikin wuraren da rashin lissafi ke saurin cinye guzurin baƙo. Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, a Madagaska hanya da yanayi su ne ke yanka wa matafiyi kasafi, saboda haka daga gare su ya kamata lissafi ya faro.

2.0 Tsibirin da Abin da Ke Cikinsa

Madagaska tana cikin Tekun Indiya, gabas da Mozambik, kuma ruwan da ya raba su ya kai kimanin kilomita 400 a inda ya fi ƙunci. Faɗin ƙasar ya kai wajen murabba'in kilomita 587,000, watau kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Nijeriya, tsawonta kuwa daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 1,500. Ita ce ta huɗu a girma cikin tsibiran duniya. Ta sami 'yancin kai daga Faransa ranar 26 ga Yuni, 1960, babban birninta kuwa shi ne Antananarivo, wanda mutanen ƙasar ke taƙaita sunansa su ce Tana. Wannan bayani na girma yana da muhimmanci, domin kalmar tsibiri kan sa mutum ya zaci ɗan wuri ne da za a zagaye cikin kwana biyu.

Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa tsibirin ya ɓalle daga Afirka tun kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, sa'an nan ya rabu da Indiya kimanin shekaru miliyan 88. Wannan doguwar kaɗaita ce ta sa dabbobi da tsirran wurin suka ɗauki tasu hanya. Mafi shahara cikinsu shi ne lemur, wata dabba dangin biri mai dogon baki da manyan idanu, wadda ake da irinta fiye da 100. Babban cikinsu shi ne indri, wanda ake jin kukansa daga nesa cikin kurmi da sassafe, ƙaramin cikinsu kuwa nauyinsa bai wuce giram 30 ba. Akwai fosa, wadda ta yi kama da kyanwa mai dogon jiki, ita ce kuma babbar mai farautar lemur. Kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya a nan suke. Bishiyar kuka ma, wadda Bahaushe ya san iri ɗaya nata, tana da iri shida a Madagaska waɗanda ba sa tsirowa da kansu a ko'ina sai can.

Waɗannan halittu suna cikin haɗari. A shekarar 2020 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke neman ƙarewa, ta bayyana cewa kashi 98 cikin ɗari na ire-iren lemur suna fuskantar barazana, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna dab da shuɗewa. Manyan dalilai su ne sare daji a ƙone domin noman shinkafa, wanda ake kira tavy, da yin gawayi, da farauta, da satar katako mai tsada. Za a ga a gaba cewa wannan al'amari yana da alaƙa da inda baƙo ke kashe kuɗinsa.

3.0 Zaɓen Lokaci

Da yake tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, lokutansa akasin na ƙasar Hausa ne. Damina da zafi suna kamawa daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, rani da sanyi kuwa daga Mayu zuwa Oktoba. Daga Janairu zuwa Maris ne guguwar teku ta fi aukuwa, musamman a gaɓar gabas. A watan Fabrairu na 2022 guguwar Batsirai ta sauka kusa da garin Mananjary ta yi ɓarna mai yawa, a Fabrairun 2023 kuma guguwar Freddy ta sake sauka a wannan yanki. A irin waɗannan watanni masauki kan yi araha, amma gada kan karye, hanya ta yanke, har wasu gandayen ba a iya kaiwa gare su sam. Araha ba ta ado.

Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin hutun Turawa, saboda haka baƙi kan yi yawa, farashin masauki da na mota ya hau. Bugu da ƙari, sanyi kan sa hawainiya da wasu ƙananan dabbobi su lafa. Watannin Satumba zuwa farkon Nuwamba sun fi dacewa da mai son ganin namun daji, domin hanyoyi a bushe suke, zafi ya fara dawowa, lemur mai wutsiyar zobe yana ɗauke da jarirai, fosa kuma takan fito fili lokacin barbararta a dajin Kirindy wajen Oktoba da Nuwamba. Watannin Mayu da Yuni kuwa ƙasa tana kore bayan ruwa, baƙi ba su cika yawa ba, ana kuma iya samun ragi.

Wani abin lura shi ne sanyin tudu. Antananarivo tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,300, Antsirabe kuwa ta kai mita 1,500. Wanda ya je a Yuni ko Yuli da tufafin zafi kaɗai, don ya ji an ce tsibiri ne na ƙasashe masu zafi, zai kwana da sanyi irin na tsakiyar hunturu, ya kuma kashe kuɗin da bai shirya ba wajen sayen rigar sanyi.

4.0 Zaɓen Hanya

Gandayen ƙasar suna warwatse, babu kuma wanda zai gama su a tafiya guda. Hanyoyi uku ne baƙi suka fi bi.

Ta farko ita ce hanyar gabas zuwa Andasibe, mai nisan kimanin kilomita 140 daga Tana. A nan ake ganin indri, dabbar da ba ta rayuwa a gidan ajiye namun daji, saboda haka wanda ke son ganinta dole ya je kurminta. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, ana iya kammala ta cikin kwana uku.

Ta biyu ita ce babbar hanyar kudu mai lamba 7, wadda ta tashi daga Tana ta bi ta Antsirabe da Fianarantsoa ta ƙare a Toliara, tafiyar fiye da kilomita 900. A gefenta akwai gandun Ranomafana, wanda aka kafa a 1991 bayan Patricia Wright da abokan aikinta sun gano wani sabon irin lemur mai cin gora a 1986. Akwai kuma Anja kusa da Ambalavao, wurin da mutanen ƙauye da kansu ke kula da shi, inda ake ganin lemur mai wutsiyar zobe cikin sauƙi. Sai gandun Isalo, na duwatsu da kwazazzabai, wanda aka kafa a 1962.

Ta uku ita ce hanyar yamma zuwa Morondava, inda shahararren layin kukoki yake kimanin kilomita 20 daga gari, da dajin Kirindy, da kuma Tsingy na Bemaraha, wani fili na duwatsun farar ƙasa masu tsini kamar masu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 1990. Daga Morondava zuwa can kilomita 200 ne kacal, amma tafiyar yini guda ce cur a jif, tare da fito a kogin Tsiribihina da na Manambolo. Da damina ba a bin ta.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, a Madagaska da awa ake auna nisa. Hanyoyin suna da kwana da hawa da ramuka, manyan motoci da amalanken shanu suna bin su, kuma direbobi ba sa son tafiyar dare, musamman a kudu da yamma inda ake fama da ɓarayin shanu da ake kira dahalo. Mutanen ƙasar suna da wata magana da baƙo zai yi ta ji, watau mora mora, ma'ana sannu sannu. Wanda ya cusa hanyoyin nan uku cikin mako biyu zai ƙare kwanakinsa a kujerar mota.

5.0 Rukunan Kasafi

5.1 Kuɗin jirgi da takardu

Ga mai tashi daga Nijeriya, hanyar da aka fi bi ita ce ta Adis Ababa ko ta Nairobi, daga nan a sauka filin jirgin Ivato da ke wajen Tana. Kuɗin wannan tikiti shi ne babban dunƙule guda a kasafin, kuma yakan yi sauƙi ga wanda ya saya watanni kafin tafiya. Ana bukatar fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, da tikitin dawowa, da biza wadda kuɗinta ya danganta da yawan kwanakin zama. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun ciwon shawara, kamar Nijeriya, sai ya riƙe katin rigakafinta. Agogon Madagaska yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, abin da ya kamata a tuna wajen duba lokacin sauya jirgi.

5.2 Sufuri a cikin ƙasa

Nan ne kasafin mutane da yawa ke rushewa. Hanya mafi araha ita ce motar haya ta gama-gari da ake kira taxi-brousse, wadda ta yi kama da bas ɗin tasha, ba ta tashi sai ta cika, ba ta kuma tsayawa don wani ya ga hawainiya a bakin hanya. Ta dace da mai kwanaki da yawa da kuɗi kaɗan. Hanya ta biyu ita ce hayar mota da direbanta, wadda yawancin baƙi ke bi. A nan wajibi ne a tambayi abu uku kafin a shirya: ko kuɗin mai yana cikin farashin, ko abinci da makwancin direba suna ciki, da kuma wanda zai biya kwanakin da motar za ta yi tana komawa gida babu fasinja. Hanya ta uku ita ce jirgin sama na cikin gida. Yana rage kwanaki, amma yana da tsada, yawancin zirga-zirgarsa kuma ta Tana take bi, lokacin tashinsa kan sauya ba zato. Saboda haka kuskure ne a sa jirgin cikin gida da jirgin komawa gida a rana ɗaya.

5.3 Kuɗin shiga gandu da na jagora

Hukumar da ke kula da yawancin gandayen ita ce Madagascar National Parks, wadda a da ake kira ANGAP. Ana biyan kuɗin shiga a kan kowane mutum a kowace rana, farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma ya bambanta daga gandu zuwa gandu. Ban da wannan, doka ta wajabta ɗaukar jagora daga cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Kuɗinsa dabam ne, ana lissafa shi bisa tsawon zagayen da aka zaɓa, kuma a kan ƙungiya ake biya. A wasu wurare jagoran yana da mataimaki wanda ke riga shiga kurmi ya gano inda dabbobi suke, shi ma yana sa ran tukuici. Yawon dare da tocila, wanda a cikinsa ake ganin ƙananan lemur a farke da hawainiya tana barci a kan reshe, ba a yin sa cikin gandayen gwamnati, sai a bakin hanya ko a dazuzzukan ƙungiyoyin ƙauye, irin na Mitsinjo a Andasibe, shi ma da nasa kuɗin.

5.4 Masauki da abinci

Waɗannan su ne rukunan da matafiyi ya fi iko a kansu. Kusa da kowane gandu akwai masaukai iri-iri, daga bukkar katako mai gidan sauro zuwa manyan otal-otal. Shinkafa, wadda ake kira vary, ita ce abincin ƙasar safe da rana da dare. Ƙananan gidajen abinci na bakin hanya ana kiransu hotely, kada baƙo ya ɗauka wurin kwana ne, kuma kwanon shinkafa da miya a cikinsu bai kai rabin farashin na otal ɗin baƙi ba. Sai dai a sa kuɗin ruwan kwalba cikin lissafi, domin ruwan famfo ba abin amincewa ba ne.

5.5 Lafiya da ajiyar ko-ta-kwana

Zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a gaɓar teku da ƙasashen kwari. Wanka a tafki ko rafi mai kwanciya kan jawo tsargiya. A kurmin gabas akwai matsattsaku, saboda haka ana bukatar doguwar safa da takalmi rufaffe. Akwai kuma annobar da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, wadda kan ɓulla daga Satumba zuwa Afrilu. A 2017 ta kama mutum fiye da 2,000, ta kashe fiye da 200. Asibitoci a wajen babban birni ba su da kayan aiki sosai, mai ciwo mai tsanani kuwa akan fitar da shi zuwa tsibirin Reunion ko Afirka ta Kudu, abin da ke cin kuɗin da ya ninka na tafiyar gaba ɗaya. Don haka inshorar da ta ƙunshi ɗaukar majiyyaci a jirgi tana cikin kasafi na dole. Rigakafi ya fi magani.

Har ila yau, ya kamata a ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na jimlar kasafin a ajiye gefe. Mota na iya lalacewa, jirgi na iya fasa tashi, siyasa ma na iya birkita shiri, kamar yadda ya faru a rikicin 2009, da kuma a watan Oktoba na 2025 lokacin da sojoji suka karɓi mulki bayan makonni na zanga-zanga.

6.0 Misalin Lissafi

Domin a ga yadda waɗannan rukunai ke haɗuwa, ga tsarin tafiyar kwana 13 da ta haɗa hanyar gabas da ta kudu. Rana ta 1 sauka a Tana. Ta 2 tafiya Andasibe da yawon dare. Ta 3 yini a kurmin Andasibe. Ta 4 tafiya Antsirabe. Ta 5 tafiya Ranomafana. Ta 6 yini a Ranomafana. Ta 7 tafiya Ambalavao tare da tsayawa a Anja. Ta 8 tafiya Isalo. Ta 9 yini a Isalo. Ta 10 tafiya Toliara. Ta 11 jirgi zuwa Tana. Ta 12 ranar ko-ta-kwana. Ta 13 komawa gida.

Idan aka duba za a ga cewa cikin kwana 13, uku ne kaɗai aka yi cikakken yini a gandu, shida kuwa a kan hanya suka tafi. Wannan shi ne ainihin farashin tafiyar. Wanda ya ƙara kwana ɗaya a Ranomafana ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan cikakkun ranakun kallonsa, alhali abin da ya ƙaru a kasafinsa kuɗin kwana guda ne kawai.

Dangane da mota, matafiyi zai yi amfani da ita daga rana ta 2 zuwa ta 10, watau kwana 9, amma zai biya kwana 11, domin direba yana bukatar kwana biyu ya mayar da ita Tana. A ƙaddara, don misali kawai, an yi cinikin hayar a kan dalar Amurka 60 a rana. Jimla ta zama dala 660. Mutum ɗaya zai ɗauki wannan nauyi shi kaɗai, amma idan su huɗu ne kowa dala 165 zai biya. Haka lissafin mai yake: zuwa da dawowar motar ya kai wajen kilomita 2,300, idan kuwa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, lita 230 ke nan, a kan mutum ɗaya ko a raba huɗu. Kuɗin jagora ma haka. Daga nan za a fahimci cewa kasafin ya kasu gida biyu. Akwai kuɗin kai, irin su tikiti da biza da kuɗin shiga gandu da abinci, waɗanda ba sa raguwa ko mutum nawa ne. Akwai kuma kuɗin taro, irin su mota da mai da jagora, waɗanda ke raguwa da yawan abokan tafiya. Hikimar fatake ta tafiya cikin ayari tana nan da amfaninta.

7.0 Sha'anin Canjin Kuɗi

Kuɗin Madagaska shi ne ariyari, wanda ya maye gurbin faran na ƙasar a 2005. Ariyari ɗaya daidai yake da tsohon faran biyar, kuma har bayan sauyin wasu 'yan kasuwa, musamman a karkara, sun ci gaba da faɗin farashi da faran. Wanda ya saba da kasuwannin Nijar, inda dala ɗaya ke nufin sefa biyar, zai gane wannan lissafi nan take. Wanda bai sani ba yana iya biyan ninki biyar na abin da aka nema. Maganin abin shi ne tambaya, ko a rubuta lambar a takarda, matambayi ba ya ɓata.

Takardar kuɗi mafi girma ita ce ta ariyari 20,000, wadda aka fitar a 2017. A shekarar 2024 dalar Amurka ɗaya ta haura ariyari 4,000, watau wannan babbar takarda ba ta kai dala biyar ba. Ma'anar haka ita ce wanda ya canza 'yan ɗaruruwan daloli zai riƙe damin takardu. Na'urorin cirar kuɗi suna manyan garuruwa ne, a ƙauyukan da ke bakin gandaye kuwa tsabar kuɗi ake karɓa, ko a biya ta waya da MVola da makamantanta. Ya kamata a cire abin da zai isa kafin a bar gari, a rarraba shi wurare dabam-dabam a jiki da jaka. Ba a canza naira a can, ariyari kuma ba ya canzuwa a waje, saboda haka da yuro ko dala ake zuwa, a kuma kashe ko a canza ragowar kafin a hau jirgi.

Ga mai tara guzuri da naira akwai wani haɗari na dabam. A farkon 2023 farashin gwamnati ya kasance wajen naira 460 a kan dala ɗaya, amma bayan sauyin tsarin canji na watan Yuni na wannan shekara, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Tafiyar da aka ƙiyasta a kan dala 2,000 ta tashi daga naira 920,000 zuwa naira miliyan 3, ba tare da an ƙara ko kwabo a Madagaska ba. Darasin shi ne a rubuta kasafi da kuɗin da za a kashe a can, a kuma riƙa mayar da abin da aka tara zuwa wannan kuɗi sannu a hankali.

8.0 Harshe, Al'ada da Addini

Harsunan hukuma su ne Malagasi da Faransanci. Malagasi ɗan'uwan harsunan Indunusiya ne, musamman na kudancin tsibirin Borneo, inda kakannin mutanen suka taso cikin jiragen ruwa fiye da shekara dubu da suka wuce. Amma ɗalibin Hausa zai sami abin sha'awa a sunayen ranakunsu: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Sabotsy. Daga Larabci suka aro su kamar yadda Hausa ta aro nata. Mutanen Antemoro na kudu maso gabas ma suna da rubutun sorabe da haruffan Larabci, wanda ya yi daidai da ajami. Sanin ranakun yana da amfani a aikace, alal misali babbar kasuwar shanu ta Ambalavao ranar Alarobia take ci, watau Laraba.

Kowane yanki yana da abubuwan da al'ada ta haramta, waɗanda ake kira fady. Wani wuri an hana nuna kabari da yatsa, wani wuri an hana shiga wani tafki ko cin wani nama. A yankin Andasibe al'ada ta hana kashe indri, wanda suke kira babakoto, wannan hani kuwa ya taimaka wajen tsirar da shi. Jagora ne ke sanar da baƙo waɗannan dokoki, kuma bin su wajibi ne a kan wanda ya shiga garin mutane.

Musulmi tsiraru ne a ƙasar, sun fi yawa a arewa da arewa maso yamma, a garuruwa irin su Mahajanga da Antsiranana. A tsakiyar ƙasar ana cin naman alade sosai, har ana sa shi cikin miyar ganyen rogo da ake kira ravitoto. Kalmomi huɗu sun isa su tsare matafiyi: kisoa alade, omby saniya, akoho kaza, trondro kifi. Alƙibla kuwa a can arewa take, ta ɗan karkata yamma, saboda haka wanda ya saba duban gabas sai ya gyara.

9.0 Inda Kuɗin Baƙo Ke Zuwa

Madagaska tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, kuma manomin da ke zaune a bakin gandu yana da zaɓi biyu a gabansa, ko ya sare dajin ya shuka shinkafa, ko ya bar shi idan barin yana kawo masa abinci. Kuɗin jagora da na masaukin ƙauye da na wurare irin su Anja da Mitsinjo suna shiga hannun waɗannan mutane kai tsaye. Saboda haka wanda ya matse jagora a ciniki don ya rage 'yan kuɗi kaɗan, ya rage ne daga wurin da bai kamata ba. Gara a rage a wajen otal.

Akwai kuma kashe kuɗin da ke jawo ɓarna. Doka ta hana ajiye lemur a gida, amma wasu kan tsare shi don baƙi su biya su ɗauki hoto da shi, kowane biya kuwa yana sa a sake kamo wani daga daji. An hana fitar da kunkuru da katakon da aka kare. A watan Afrilu na 2018 an gano kunkuru kimanin 10,000 a wani gida a yankin Toliara, an tara su don fitarwa waje. Mai son tsaraba yana da banila da kayan saƙa da takardar gargajiya ta Antemoro da ake yi a Ambalavao.

10.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa shirin ziyarar Madagaska yana da jeri. Ana fara zaɓen wata, domin yanayi ne ke nuna hanyar da ke buɗe. Sa'an nan a zaɓi hanya ɗaya ko biyu, a ƙirga kwanakin mota da na kallo. Bayan haka a raba kuɗin kai da kuɗin taro, a nemi abokan tafiya, a rubuta kasafin da kuɗin waje, a ware na lafiya da na ko-ta-kwana. Masauki da abinci su ne na ƙarshe, domin su ne ke karɓar ragi ba tare da tafiyar ta lalace ba. Wanda guzurinsa bai kai na hanyar kudu ba, kwana uku a Andasibe sun isa ya ji kukan indri ya kuma gan shi da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Wannan tsari na lissafi zai yi amfani ga ziyarar kowane wuri da nisa da yanayi ke iko da matafiyi, domin tun ran gini ake zane.